Kwarin Kashmir da Baƙinsa: Tarihin Zuwa Hutu a Bakin Tafkin Dal

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a Kano ko Zariya ko Sakkwato a zamanin da finafinan Indiya suke tashe, to, ya san ƙasar Kashmir ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ita ce ƙasar nan da saurayi da budurwa sukan yi ta guje-guje cikin furanni suna waƙa, ga duwatsu a bayansu sun naɗa farin rawani na dusar ƙanƙara, ga kuma tafki a gabansu shimfiɗe kamar faranti, da ɗan kwalekwale mai rumfa yana lallaɓawa a kansa. Idon mai kallo bai cika tsayawa a kan mutumin da ke tuƙa kwalekwalen ba, balle a kan wanda ya ɗauko kayan 'yan wasan a bayansa ya hau dutse da su. Wannan lacca za ta bi tarihin zuwa hutu a wannan ƙasa tun daga shekarar 1586, watau shekara ɗari huɗu da 'yan kai, tana riƙe da tambaya guda biyu: wane ne ya zo shan iska a kowane zamani, wane ne kuma ya ɗauki nauyin zuwan nasa.

Kwarin Kashmir wani faffaɗan fili ne da duwatsun Himalaya suka yi wa zobe, a can ƙuryar arewa ta ƙasar Hindu. Tsawonsa wajen kilomita 135 ne, faɗinsa kuwa kamar kilomita 30, kuma yana sama da bakin teku da kimanin mita 1,600, watau ya ɗara tudun Jos da kusan mita 400. Kogin Jelum ne ya ratsa shi, ya bi ta tsakiyar babban birnin, Sirinagar, ya faɗa tafkin Wular, sa'an nan ya fice ta wani matsatsin dutse a Baramula. A gabashin birnin ne tafkin Dal yake. Ba shi da wani zurfi, domin inda ya fi zurfi ma bai wuce mita shida ba, amma ruwansa a kwance yake ƙwarai, har duwatsun kan ga fuskarsu a ciki. Mutanen tafkin suna da wata dabara ta noma mai ban mamaki: sukan tufke ciyawar ruwa ta zama kamar tabarma mai kauri, su zuba mata laka, su shuka kokwamba da tumatir da kankana a kai. Gona ce da ake iya ɗaura wa igiya a ja ta, shi ya sa matafiyan da suka rubuta labarin ƙasar suka ambaci cewa a can har satar gona akan yi cikin dare.

Dalilin da ya sa wannan kwari ya shiga ran masu mulkin Hindu ba ɓoyayye ba ne. A watannin Mayu da Yuni zafi a Agra da Delhi da Lahor yakan haura digiri 40, irin bazarar Sakkwato ko Maiduguri, alhali a daidai wannan lokaci mutumin Sirinagar yana iya neman bargo da asuba. Sarakunan Mugal kuwa asalinsu mutanen Asiya ta Tsakiya ne, ƙasar sanyi da inabi da ruwa mai gudu. Babur, wanda ya kafa daularsu a 1526, ya yi ta ƙorafi a littafin tarihin rayuwarsa game da rashin ƙoramu da ƙanƙara da kankana mai daɗi a ƙasar da ya ci da yaƙi.

Sai dai a lura, Kashmir ba lambu ba ce da aka tarar babu mai ita. Ƙasa ce mai sarautarta da harshenta da malamanta. Gidan sarautar Musulmi na Shah Mir ya hau mulki a 1339, Musulunci kuma ya yaɗu a hankali ta hannun sufaye, musamman Mir Sayyid Ali Hamadani wanda ya rasu a 1384. Sarkinsu da aka fi tunawa, Zainul Abidin, ya yi wajen shekara hamsin a kan gado har zuwa 1470, ya haƙa magudanan ban ruwa, ya kuma jawo masu sana'a daga ƙasashen Farisa da Samarƙand. Wannan 'yanci ne Akbar ya kawo ƙarshensa a 1586, ya tura sarkin ƙasar, Yusuf Shah Chak, zaman baƙunta na dole a Bihar inda ya mutu. Baƙon farko da ya zo Kashmir hutu, rundunar yaƙi ya fara aikowa ta share masa hanya.

Zamanin Mugal

Sau uku Akbar ya ziyarci kwarin, a 1589 da 1592 da 1597. Kafin tafiyar farko sai da aka tura dubban masu fasa dutse da masu haƙa su gyara hanyar da ta tsallaka duwatsun Pir Panjal. Ziyara ta uku ta zo daidai da wata muguwar yunwa, kuma wani fada na ɗariƙar Jesuit, Jerome Xavier, wanda yake cikin ayarin, ya rubuta cewa ya ga iyaye suna rabuwa da 'ya'yansu saboda rashin abin ba su. Ba sai an faɗa ba, saukar dubban bakuna a kan ƙasar da rumbunta ya riga ya bushe ba taimako ba ne. Akbar ya sa aka gina ganuwa kewaye da tudun Hari Parbat, aikin da ya samar wa mayunwata lada, kuma a rubutun da aka sassaƙa a ɗaya daga ƙofofinta an bayyana cewa ba a sa kowa aiki kyauta ba, kowa an biya shi daga baitulmalin sarki. Wannan rubutu ya cancanci a tsaya a kansa. Sarki ba ya sassaƙa a dutse cewa ya biya lebura sai in rashin biyan shi ne abin da kowa ya saba da shi.

Ɗansa Jahangir, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627, shi ne ainihin masoyin Kashmir a cikin sarakunan gidan. Ya yi ta komawa shekara bayan shekara tare da matarsa Nur Jahan, wadda masana tarihi suka yarda cewa ragamar mulki a hannunta take a ƙarshen zamaninsa. A 1619 ya sa aka fara lambun Shalimar a gefen Dal. Ɗan'uwan Nur Jahan, Asaf Khan, ya gina lambun Nishat a 1633, mai hawa goma sha biyu daga bakin tafki zuwa gindin dutse. A zamanin Shah Jahan aka ƙara ƙaramin lambun Chashma Shahi a 1632, a kan wata maɓuɓɓuga da ake yabon ruwanta. Dabarar duk iri ɗaya ce: a tare ƙorama tun daga kan dutse, a bi da ita ta tsakiyar lambu cikin magudana ta dutse, ta riƙa gangarowa daga wannan hawa zuwa wancan, nauyin ruwan da kansa ya riƙa tura shi yana feshi sama ba tare da wani inji ba. A gefe kuma a jera itatuwan cinar masu faɗin inuwa, waɗanda ganyensu kan koma ja wur idan kaka ta yi.

Wanda ya san fasalin gidan sarauta a ƙasar Hausa ba zai sha wuyar fahimtar Shalimar ba. Hawa na farko wurin zaman fada ne inda talaka kan iya zuwa ya faɗi gaisuwa, na biyu na sarki ne da manyan fadawansa, na can ciki kuwa na matan gida ne, da masu gadi a bakin ƙofa. Watau zaure da soro da cikin gida ke nan, sai dai an gina su da ruwa da itace. Abin da wannan ya nuna shi ne, hutun Mugal ba irin na ma'aikaci ba ne da zai kulle ofis ya bar aiki a hannun muƙaddashi. Gwamnati ce ɗungurungum take tasowa, da alƙalanta da magatakardanta da baitulmalinta, ta zauna a bakin tafki har zafi ya wuce. Jahangir mutum ne mai ido. Ya sa mai zanensa Mansur ya zana furannin kwarin fiye da ɗari, shi kansa kuma ya bayyana tsuntsaye da kifaye da za'afaran na Pampor dalla-dalla. A hanyar dawowa daga Kashmir ya mutu cikin watan Oktoba na 1627, kusa da Rajauri, aka kai gawarsa Lahor.

Game da za'afaran ɗin nan akwai wata shaida ta biyu, ita ma a dutse. A ƙofar babban masallacin Juma'a na Sirinagar an kafa umarnin Shah Jahan wanda ya soke waɗansu zalunce-zaluncen wani hakimi da ya gabata, ciki har da tilasta wa mutane tsinkar furen za'afaran a ba su ɗan gishiri a matsayin lada.

Amma wanda ya bar wa duniya cikakken hoton abin da hutun sarki yake ci, wani likita ne Bafaranshe, François Bernier, wanda ya bi ayarin Aurangzeb a cikin shekarun 1660, lokacin da sarkin ya tashi daga doguwar jinya ya tafi neman lafiya. Bisa ga bayaninsa, da aka iso Bimbar a gindin duwatsu sai aka tsaya aka tace ayarin, domin sarki ya san kwarin ba zai iya ciyar da kowa ba. Raƙuma ba sa iya hawan, saboda haka kaya suka koma kan mutane. Sarki shi kaɗai ya ɗauki 'yan dako 6,000, kuma Bernier ya ƙiyasta cewa gaba ɗaya za a bukaci wajen 30,000. Waɗansu sarakunan yankin ne suka aiko su bisa umarni, waɗansu kuma sun zo da ƙafarsu don neman kuɗi, gama an yanka farashin dako. A kan Pir Panjal wata giwa ta firgita ta ja da baya, ta tura ta bayanta, ita ma ta tura ta bayanta, har giwaye goma sha biyar suka rufta cikin kwazazzabo da matan fada a kansu. Mata uku ko huɗu suka mutu. Aurangzeb bai sake komawa ba har ya bar duniya. Duk da haka littafin Bernier ne ya kai wa Turai labarin cewa akwai wata aljanna a bayan duwatsun Hindu, kuma sunan ya bi ƙasar har yau.

Daga 1752 kwarin ya faɗa hannun Afganawa, daga 1819 kuma hannun daular Sik ta Lahor. Zamani ne na haraji mai tsanani, wanda a cikinsa aka rufe babban masallacin Juma'a shekara da shekaru, lambunan kuma suka zama kufai. Abin dariya, a daidai lokacin ne sunan Kashmir ya fi ƙamshi a Turai. A 1817 wani mawaƙi ɗan Ailan, Thomas Moore, ya wallafa littafin Lalla Rookh wanda ya cika da yabon kwarin, aka yi ta rububin sayensa, alhali marubucin bai taɓa taka ƙasar Hindu ba. Matan manya a Faris da Landan kuma suna alfahari da mayafin ulu na Kashmir, wanda masaƙansa suke cikin mafi talaucin mutanen birnin.

Zamanin Turawa

Ranar 16 ga Maris 1846, bayan Ingilishi sun karya daular Sik, suka ƙulla yarjejeniya a Amritsar da Gulab Singh, sarkin Jammu na ƙabilar Dogra. Suka miƙa masa Kashmir da ƙasashen duwatsun da ke kewaye a kan rufi 7,500,000. Gaisuwar da zai riƙa kaiwa kowace shekara ita ce doki ɗaya, da awakin ulu goma sha biyu, da mayafai shida. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin mazauna kwarin ba, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne aka ɗora musu sarki mabiyin addinin Hindu. Daga baya Turawa da yawa sun yi da-na-sanin wannan ciniki. Sai dai wanda ya karanta rubuce-rubucensu zai ga cewa abin da ya fi damun akasarinsu shi ne sun sayar da wurin da ya fi ko'ina dacewa da lafiyar Bature.

Tun da ba su riƙe ta ba, sai suka zo mata a matsayin baƙi. Hafsan soja ko ma'aikacin mulki da ya sami hutun wata biyu ba zai iya zuwa Ingila ya dawo ba. Simla, wadda ta zama hedkwatar bazara ta gwamnati a 1864, gari ne na tsada da sa-ido, inda ƙaramin ma'aikaci ba ya shaƙatawa don manyansa suna nan. Kashmir kuwa ga araha, ga farautar ɓauna irin ta dutse da barewa da dabbar beyar, ga babu mai tambayarsa wace riga ya sa. Tun a 1852 yawan masu zuwa ya sa aka naɗa wani Bature na musamman da zai riƙa zama a Sirinagar lokacin bazara don ya kula da su. A 1885 wannan muƙami ya rikiɗa ya zama cikakken Razdan, a 1889 kuma aka zare wa Maharaja Pratap Singh iko aka damƙa wa majalisa a ƙarƙashin idon Razdan ɗin. Babban dalili shi ne tsoron Rasha a kan iyakar arewa, amma ƙofar da aka shigo ta cikinta ita ce ta kula da 'yan hutu. Kalmar Razdan ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, kuma ba haɗuwar suna ba ce kurum: tsarin sarki a gaba Bature a bayansa, a Hindu aka gwada shi kafin a kawo shi Nijeriya ta Arewa, shi kansa Lugga a Madras aka haife shi a 1858, a ƙasar Hindu kuma ya yi aikin soja na farko.

Abu ɗaya sarakunan Dogra suka tsaya a kai da ƙafa biyu, watau ba su yarda Bature ya mallaki ƙasa ko ya gina gida a kwarin ba, don sun ga yadda baƙo kan zama ɗan gari a sauran wurare. Daga wannan hani ne aka sami abin da ya zama tambarin Kashmir. Da ma akwai jama'ar Hanji, mutanen ruwa, waɗanda ke zaune cikin dogayen jirage masu bangon asabari da ake kira dunga, kuma a cikinsu baƙin farko suka riƙa kwana. A wajajen shekarun 1880 sai aka fara ƙera wa Turawa manyan jirage na katakon diyodar, wanda ba ya saurin ruɓa a ruwa, aka yi musu falo da ɗakin cin abinci da ɗakunan kwana da murhun ɗumi, aka raɗa musu sunaye irin na Ingila. Doka ta hana gida a kan ƙasa, ba ta ce kome ba game da gida a kan ruwa. A bayan kowane jirgi akan ɗaura wani ƙarami inda ake dafa abinci, a nan ne iyalin Bahanje suke kwana, maigida shi ne kuku ko mai tuƙi, yara kuma 'yan aike. Da aka gama hanyar keken doki daga Rawalpindi ta bin kogin Jelum a wajajen 1890, tafiyar da a da take cin mako biyu ta koma 'yan kwanaki, matan Turawa da 'ya'yansu suka fara zuwa. Aka buɗe otal a Gulmarg, wani fili a kan dutse mai tsawon mita 2,650, aka yi filin wasan golf, a 1900 har ƙwan kifi aka shigo da shi daga Birtaniya aka zuba a ƙoramu don masu sha'awar fatsa.

To, wa yake ɗaukar kaya? Amsar tana cikin kalma ɗaya, begar, watau aikin tilas. Gwamnatin Dogra tana da ikon ɗiban manoma daga ƙauyuka a kowane lokaci, ko da tsakiyar aikin shinkafa ne. Mafi muni shi ne dakon hatsi zuwa barikin soja na Gilgit, tafiyar makonni a kan duwatsu masu ƙanƙara, wadda da yawa ba su dawo daga gare ta ba. Walter Lawrence, wanda ya yi aikin auna ƙasa da tsara haraji daga 1889 zuwa 1895, ya bayyana a littafinsa yadda jin sunan Gilgit kaɗai kan sa maza su watse daga ƙauye su ɓuya a daji. An ɗauke wa mutanen birni da waɗansu masu gata wannan aiki, nauyin duka ya sauka a kan manomi Musulmi. Baƙon da ya zo hutu shi ma a wannan rijiya ya sha. In yana son hawa dutse da tantinsa da gadonsa da bahon wankansa, takarda kurum zai karɓa daga hukuma, a tara masa mutane a kowane zango. Yakan biya, amma sau da yawa kuɗin kan maƙale a hannun ɗan sarkin da ya tara su. Wanda ya ji labarin ɗiban gwamna da aka yi zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, a tudun da Turawan Nijeriya su ma suke hawa shan iska, ya san irin wannan tsoro.

Gaskiya ta wajabta a ce ba duk baƙi ne suka kau da kai ba. Wani matashi, Robert Thorp, ya zo a matsayin mai yawo, ya ga halin da masaƙa da manoma suke ciki bayan an murƙushe boren masaƙa na 1865, ya yi ta rubutu a kai har ya mutu a Sirinagar a 1868. Aikin Lawrence ya tabbatar wa manomi haƙƙin zama a gonarsa, ya kuma rage begar, ko da yake sai a wajen 1920 aka soke shi a hukumance. Kuɗin baƙi sun raya masassaƙa da masu saƙar darduma bayan kasuwar mayafi ta rushe sakamakon yaƙin Faransa da Jamus na 1870. Sai dai talaucin yana nan daram, kuma ranar 13 ga Yuli 1931 dakarun Maharaja suka harbe mutum fiye da 20 a ƙofar kurkukun Sirinagar. Daga ranar ne siyasar zamani ta Kashmir ta soma, a ƙarƙashin Shaihu Abdullahi.

Daga 1947

Raba ƙasa da aka yi a 1947 ya kwashe Turawa, ya kuma toshe hanyar da suke bi. Maharaja Hari Singh ya sa hannu ya shiga Indiya a watan Oktoba, yaƙi ya ɓarke da Pakistan, layin tsagaita wuta na ranar 1 ga Janairu 1949 kuma ya yanke hanyar Rawalpindi biyu. Sai da aka huda dutsen Banihal, aka buɗe hanyar ƙarƙashinsa a 1956, sa'an nan kwarin ya sami ƙofar da ƙanƙara ba ta cika rufewa ba. Sababbin baƙin su ne ma'aikata da 'yan kasuwar Bombai da Delhi da Kalkata, da angwaye da amare, kuma silima ce ta kira su. Junglee a 1961, Kashmir Ki Kali a 1964, Jab Jab Phool Khile a 1965, inda Shashi Kapoor ya fito a matsayin mai gidan kan ruwa da ya kamu da son baƙuwarsa: waɗannan da ire-irensu ne suka sa kowane Ba'indiye ya ji cewa yana da rabo a tafkin Dal. A shekarun da ake ɗaukar waɗannan hotuna, Shaihu Abdullahi, wanda ya raba wa manoma gonakin manyan masu ƙasa a 1950 ba tare da diyya ba, a tsare yake. Ya shafe mafi yawan lokacin daga 1953 zuwa 1968 a hannun hukuma.

A 1988 baƙi fiye da 700,000 suka zo. Shekara guda bayan haka, a sakamakon zaɓen 1987 wanda kusan kowa ya yarda an yi maguɗi a cikinsa, tawaye da makami ya tashi, da taimakon Pakistan. A 1990 akasarin Fandit, watau Hindun kwarin, suka yi hijira, 'yan tawaye suka rufe gidajen silima, soja suka mamaye otal-otal suka mai da su bariki. A 1991 baƙin ba su kai 10,000 ba. A Yuli 1995 aka sace Turawa shida masu yawon dutse kusa da Pahalgam. Ɗaya ya tsere, aka tsinci gawar ɗaya, sauran huɗu har yau babu labarinsu. Dubun-dubatar mutanen ƙasar ne suka mutu a waɗannan shekaru, a hannun soja da a hannun 'yan bindiga, gidajen kan ruwa kuwa suka yi ta ruɓewa a inda aka ɗaure su.

Tun daga lokacin, yawan baƙi ya zama hujjar siyasa. In sun yi yawa gwamnati ta ce ai zaman lafiya ya dawo, wannan kuwa shi ya mai da baƙo abin hari ga wanda yake son ƙaryata gwamnati. A farkon Agusta 2019 hukuma da kanta ta umarci 'yan yawon buɗe ido su fice, bayan kwana kaɗan, ranar 5 ga wata, aka soke matsayin musamman da sashe na 370 na tsarin mulki ya ba jihar, aka katse waya da intanet wata da watanni. A 2020 aka sauya dokokin ƙasa, aka buɗe wa wanda ba ɗan jihar ba ƙofar sayen filin da ba na noma ba. Hanin nan da ya haifi gidan kan ruwa, wanda ya tsallake zamanin Razdan da zamanin Nehru, a nan ya faɗi. Baƙi suka dawo fiye da kowane lokaci, har hukuma ta ba da lissafin fiye da miliyan uku a 2024. Ranar 22 ga Afrilu 2025 'yan bindiga suka kashe mutum 26 a wani fili kusa da Pahalgam, kusan dukkansu Hindu 'yan yawo. Ɗaya daga cikin mamatan Musulmi ne ɗan yankin, mai hayar doki, wanda aka ba da labarin cewa ya yi ƙoƙarin kare baƙin da ya kawo. Bayan kimanin mako biyu Indiya da Pakistan suka shiga musayar wuta ta kwana huɗu. A watan Yuni na shekarar aka buɗe hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa kwarin da sauran Indiya, wadda ta bi ta kan gadar kogin Cenab mai tsawon mita 359 daga ruwa. Tsaunin da giwayen Aurangzeb suka rufta a kansa, yanzu ta cikinsa ake wucewa a zaune.

Saura shi kansa tafkin. Birnin Sirinagar ya haura mutum miliyan ɗaya, kuma shekara da shekaru ƙazantar unguwanni da ta otal-otal da ta jiragen kwana tana kwarara cikin Dal, ga taki daga gonaki, ga laka daga duwatsun da aka sare wa itace. Ruwa marar zurfi ba ya jure wannan. Ciyawa ta yi masa yawa, bakinsa kuma yana ta matsowa ciki. Hukuma da kotu sun hana ƙera sababbin gidajen kan ruwa, gyaran tsofaffi ma sai da izini, saboda haka yawansu ya ragu zuwa ƙasa da dubu, masassaƙan da suka iya aikin kuma suna ƙarewa. An kuma tsara kwashe dubban iyalai daga cikin tafkin zuwa wani matsuguni da ake kira Rakh-i-Arth a bayan gari, nesa da ruwan da suka iya nema a cikinsa, aikin da aka shafe shekaru ana jan ƙafa a kansa. Masu tafkin suna cewa magudanan birni sun fi su ɓata ruwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Har yanzu kowace asuba manoman gonakin kan ruwa sukan haɗu a tsakiyar Dal da kwalekwalensu cike da kabewa da tumatir da saiwar bado, su yi ciniki su watse kafin rana ta ɗaga. Wannan kasuwa tana cikin abubuwan da ake tayar da baƙo tun da duhu don ya je ya ɗauki hotonsu, masu cinta kuwa suna cikin mutanen da aka rubuta sunayensu a takardar tashi.